Dizal ko Fetur: Yadda Muka Zaɓi Motar Jan Tumaki Tsakanin Jidda da Ɗa'ifa

A farkon Janairun 2025 kamfanin man Saudiyya, Aramco, ya ɗaga litar dizal daga riyal 1.15 zuwa riyal 1.66. A cikin kwanakin ne kuma Kawuna ya ɗora mini aikin nemo motar da za ta gaji tsohuwar wanit ɗinmu, a-kori-kurar da muke harkar tumaki da ita. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, wai ta zama mai dizal. Da na nemi jin dalili sai ya ce, "Kai ma ka sani, yaro. Dizal ai kyauta ne a ƙasar nan."

Maganar Kawu gaskiya ce, sai dai ta kwana biyu. A 2022 lita ɗaya halala 63 ce (halala 100 ne riyal ɗaya), a 2023 ta koma halala 75, a 2024 ta yi tsalle zuwa riyal 1.15, a 2025 kuma ta kai 1.66. Shi kuwa fetur, tun watan Yulin 2021 da gwamnati ta ƙayyade masa iyaka yana nan inda yake: mai lamba 91 riyal 2.18, mai lamba 95 riyal 2.33. Ɗaya na tsaye, ɗayan na hawowa duk shigowar sabuwar shekara. Wanda duk ya sayi motar da zai riƙe shekara bakwai ko goma saboda arahar dizal kaɗai, to ya jingina da abin da ke motsi. Shi ya sa na roƙi Kawu ya ba ni lokaci in bi abin daki-daki kafin a fitar da ko riyal ɗaya.

Sai an san aikin motar kafin a fahimci sauran bayanin. Kawu yana da wurin sayar da tumaki a kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya a kudancin Makka. Sawakini, tumakin Sudan da ake saukewa daga jiragen ruwa a tashar Jidda, muna saro su a kasuwar Khumra. Waɗanda za a kiwata domin Layya kuma ba ma barin su a zafin Makka. Muna hawa da su wani shinge da Kawu ke haya a wajen Ɗa'ifa, inda iska ke da sanyi, tare da buhunan sha'ir masu kilo 50 da damman harawa. In sun yi ƙiba a sauko da su. Ke nan motar tana hawa da kaya, tana sauka da kaya, kuma galibi da tirela a bayanta. Abu na farko da na yi shi ne na loda tirelar yadda muka saba, na kai ta kan sikelin manyan motoci. Ita da kayanta sun haura tan ɗaya da rabi, ban da abin da ke bayan motar kanta. Kawu ya daɗe yana cewa "ɗan kaya ne," amma da ya ga takardar sikelin bai sake faɗa ba.

Daga nan na zauna da biro. Lissafin da na yi mai sauƙi ne, kowa zai iya sa nasa adadin a ciki. A ce mai fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, mai dizal kuma lita 9, tunda litar dizal ta fi ta fetur ƙunsar makamashi kuma injinsa ya fi iya tatse shi. Lita 12 a kan 2.18 ya kama riyal 26 da 'yan halaloli. Lita 9 a kan 1.66 bai cika riyal 15 ba. Rarar riyal 11 ke nan a kowane kilomita 100. Motar da ke cin kilomita 40,000 a shekara za ta bar wa mai ita kusan riyal 4,500. Da a farashin 2022 ne, rarar za ta haura riyal 8,000, ka ga cikin shekara uku ta kusa rabewa biyu. Sai na ƙara tambayar kaina, to in wata rana farashin biyun ya zo daidai fa? Ko a hakan akwai ragowar kusan riyal 2,600 a shekara, wadda ba daga famfon gidan mai take zuwa ba, daga ƙarancin sha ne. Wannan ƙaramin adadin shi na ɗauka a matsayin abin da za mu iya dogaro da shi. Sauran duk na ɗauke shi a matsayin alherin da ka iya yankewa.

('Yan'uwa da ke karanta wannan a Najeriya, inda dizal ya saba fin fetur tsada, kada ku kwafi sakamakona. Hanyar lissafin ce kawai za ta yi muku amfani.)

Rarar ma ba duka take shiga aljihu ba. A kasuwar motocin hannu, tsakanin biyu masu shekara ɗaya da lafiya ɗaya, abin da ake nema a kan mai dizal ya ɗara na mai fetur da kuɗin da sai an yi shekara biyu ko uku ana tara rarar mai kafin ya dawo. Injin dizal ɗin da muke hange yana ɗaukar baƙin mai sama da lita 7, na fetur ɗin bai kai lita 6 ba. Ga matacin dizal da ba a wasa da lokacin canza shi, ga batir mai ƙarfi da tsada. Mai fetur kuwa, ban da baƙin mai da matacin iska, sai fulogi jefi-jefi. Da na gama tarawa da ɗebewa, abin da na kai wa Kawu shi ne cewa a fannin kuɗi zalla dizal yana gaba, amma ba tazarar da yake zato ba, kuma gyara ɗaya mai nauyi zai iya cinye rarar shekara guda. In har za mu sayi dizal, sai dai wani dalilin ya sa.

Dalilin yana kan hanyar Ɗa'ifa.

A takarda, Hilux mai injin fetur na lita 2.7 tana da ƙarfin doki 164, mai injin dizal na lita 2.4 kuma 148. Mai kallon wannan kaɗai zai ce fetur ya yi nasara. Amma abin da ke tayar da tirela daga tsaye, ya kuma riƙe ta a kan hawa, shi ne ƙarfin murɗawar inji, wanda ake aunawa da Nm. A nan na fetur yana ba da 245, kuma sai inji ya kai juyi 4,000 a minti kafin ya ba da shi duka. Na dizal yana kaiwa 400, tun daga juyi 1,600, wato kusan da zarar ka saki kuloci. Sannan ga maganar tudu. Makka tana ƙasa, tsayinta daga teku bai wuce mita 300 ba, Ɗa'ifa kuwa ta haura mita 1,800. Iska tana yin shara-shara a sama, kuma injin da ba shi da tabo, wanda da kansa yake zuƙar iska, yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau. Kafin ka isa Ɗa'ifa ka zubar da kusan kashi 15 a hanya. Tabo yana cusa wa injin dizal iska da ƙarfi, shi ya sa asararsa ba ta taka kara ta karya ba.

Duk wannan karatu ne, ni kuma so nake ƙafata ta ji. A cikin abokan sana'armu na Ka'akiyya akwai mai irin ta fetur ɗin, akwai mai ta dizal, dukansu masu giyar hannu kuma ba su tsufa ba. Na roƙi kowannensu aron yini guda, da sharaɗin in cika masa tanki in kuma ɗauko masa nasa kayan a dawowa. Tirela ɗaya, lodi iri ɗaya, hanya ɗaya. Ba mu bi ta Hada ba, wadda take nannaɗe a jikin dutsen Kara kuma an hana manyan motocin kaya binta. Ta Sail muka bi, mai wucewa ta Sailul Kabir inda miƙatin Ƙarnul Manazil yake. Ta fi tsawo, hawanta kuma a hankali yake, amma ba ya ƙarewa da wuri.

Mai fetur ta kai mu, ba zan zalunce ta ba. Amma aikin direba ya yi yawa. Da hawa ya miƙe sai gudu ya fara zubewa a giya ta huɗu, ka dawo ta uku, inji ya ɗau kuka, allurar juyi ta haye 4,000, ka ɗan samu sarari ka koma ta huɗu, bayan ɗan lokaci ka sake dawowa. In babbar mota ta tare ka a hawa ka rasa gudunka, sai ka yi haƙuri mai yawa kafin ka maido shi. Inda na fi jin tausayinta shi ne tashi daga tsaye a kan gangare, wajen wani shingen bincike, domin sai da na ba ta wuta sosai ina sakin kuloci a hankali, har na fara jin ƙaurinsa. Injin lafiyarsa ƙalau, a can sama yake ajiye ƙarfinsa, haka aka ƙera shi. Amma kulocin da ake yi wa haka kowane mako ba zai yi tsawon rai ba, kuma lita 12 ɗin lissafina ta tashi daga aiki, don da na cika tanki a Hawiyya, kusa da Ɗa'ifa, abin da ta sha ya wuce haka nesa.

Ranar mai dizal Kawu da kansa ya shiga gaba. A hawan da na sha canjin giya, wannan a giya ta huɗu ta zauna, juyi bai kai 2,500 ba, na ɗora ƙafa kawai tana tafiya. A shingen binciken nan na saki kuloci kusan ba tare da na taɓa totur ba, tirela ta biyo. Ita ma shanta ya ƙaru da kaya, amma ƙarin bai kai na waccan ba, kuma wannan ne lissafin kan takarda bai nuna mini ba: tazarar shan mai tsakanin injinan biyu tana buɗewa ne idan an ɗora nauyi. Kawu bai ce komai ba sai da muka wuce Sail, sannan ya juyo ya ce, "To, malamin lissafi, yaya?" Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, kun yi gaskiya a kan motar. A kan dalilin ne muka saɓa." Ya yi dariya ya ce dalili na masu biro ne.

A saukowa ne na ga abin da ba a cika faɗa ba. Mutane suna ɗauka tunda injin dizal ya fi matsi, zai fi riƙe mota a gangare in an sa ƙaramar giya. Ba haka na ji ba. Injin fetur, in ka ɗaga ƙafa, maƙogwaron iskarsa yana rufewa, fistin yana ja da ƙyar, wannan ke riƙe motar. Na dizal ba ya samun wannan riƙon sosai, shi ya sa manyan motoci ake ƙara musu birkin salansa. Da tan ɗaya da rabi yana turo ni daga baya, sai da na sauko giya ta uku tun da wuri, ina taka birki ina saki don kada ya yi zafi ya daina kamawa. A nan na gane cewa matsalarmu ta gaske a gangare ba ta inji ba ce, tirelarmu ce da ba ta da birkin kanta. A ƙasashen da ake rubuta wa irin waɗannan motoci cewa za su ja har kilo 3,500, ana nufin tirela mai birki. Marar birki kilo 750 ne iyakarta. Mu kuwa mun ninka wannan, shekara da shekaru, muna cewa Allah ya tsare. Na sa birkin tirela a cikin kuɗin sayen motar, na ce wa Kawu ba a raba su.

Saura maganar ƙarko, wadda ita ce Kawu ya fi yarda da ita ba tare da bincike ba. Don haka na tafi sana'iyya, unguwar gareji-gareji, wurin wani dattijon makanike, Bahaushe haifaffen Makka, wanda tun ina yaro yake duba motocin gidanmu. Na same shi yana shan shayi a bakin gareji, na gaishe shi, na ce, "Baba, wai da gaske ne injin dizal ba ya mutuwa?"

Ya ce, "Wanne daga ciki?"

Bayaninsa shi ne, sunan da dizal ya yi na ƙarko tsofaffin injina ne suka yi masa shi, irin 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida da ke cikin Land Cruiser tun 1990. Ba tabo, ba kwamfuta, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ƙarfinsa kaɗan ne a kan girmansa, don haka ba ya wahalar da kansa. Irinsu ne suka cika hanyoyin Sudan da Chadi da Nijar, kuma makaniken ƙauye zai iya kwance su a gindin bishiya. Na zamani gangar jikinsa har yanzu mai ƙarfi ce, dole ma ta zama haka, tunda ba shi da fulogi, iska yake matsewa har sau goma sha biyar da ɗoriya ta yi zafin da mai zai kama da kansa, alhali na fetur matsinsa wajen sau goma ne. Amma abin da aka rataya masa a jiki shi ne mai laushi. Famfo yana tura mai da matsin da ya kai bar 2,000, nozul kuma, bakin da ke fesa man cikin inji, ramukansa sirara ne kamar gashi. "Nozul ɗin nan kamar ido yake," in ji shi, "ƙwayar rairayi ɗaya ta ishe shi." Ruwa kaɗan a cikin mai, ko mataci na jabu, sai famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfen ya bi layi ya lalata nozul huɗun gaba ɗaya. Kuma wannan ba aikin garejinsa ba ne, sai an kai wa masu injin gwaji na musamman, a biya su da kyau.

Game da na fetur mai lita 2.7 kuwa, sai ya nuna mini wata da ke kan rami, ta wani mai kai kayan miya, wadda malejinta ya yi nisan da ban zata ba kuma ba a taɓa buɗe injinta ba. Gangar ƙarfe ce, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, ba tabo, kayansa suna ko'ina har a tashlih, inda ake sayar da sassan motocin da suka mutu. Hukuncinsa shi ne, a hannun mai kula, kuma a ƙarƙashin kaya mai nauyi, dizal zai fi daɗewa, domin yana aikin ne a juyi kaɗan ba tare da ya ƙure kansa ba. A hannun yara masu karɓa-karɓa, waɗanda ba wanda ya san ranar da aka canza mataci, fetur zai binne shi. Sai ya tambaye ni wa zai riƙa tuƙa ta. Na ce ni. Ya ce, "To ka riƙe makullin a aljihunka."

Ya ƙara mini da abu ɗaya da ya kwantar mini da hankali. A Fabrairun 2024 Ma'aikatar Makamashi ta sanar da cewa an kammala sauya man ƙasar zuwa matakin Euro 5, wanda sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Dizal ɗin da ake sayarwa yanzu ya fi na da tsabta, kuma injinan zamani irinsa suke so. Abin tsoro ya koma tankunan wasu ƙananan gidajen mai na bakin hanya, inda ruwa da laka ke taruwa a ƙasa.

Sabuwa ta fi ƙarfin abin da Kawu ya ware, don haka ta hannu muka nema. Na fara da Haraj, manhajar saye da sayarwa, a waya, ina tace masu giyar hannu da gida biyu, sannan na riƙa zagaya wuraren baje motoci na kudancin Jidda bayan la'asar. Ka'idar da Baba makanike ya ba ni ita ce kada in yarda a tayar mini da mota kafin in iso. Da sassafe nake zuwa, in ɗora hannu a kan inji in tabbatar da sanyinsa, sannan a murɗa makulli ina tsaye a bayan salansa. Lafiyayyen dizal yana kamawa nan take, ya ɗan yi hayaƙi kaɗan ya washe. Baƙin hayaƙi mai ɗorewa mai ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya tsayawa kuwa ko nozul ne ko ruwa na shiga inda bai kamata ba. Bayan haka in buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, in ɗora shi a bakin ramin ba tare da na ɗaura ba. In ya zauna yana ɗan rawa, lafiya. In iska tana cilla shi sama, ringi ya tafi.

Da yawa sun faɗi tun a nan. Wata kuma ta ci duk wannan, fentinta na ƙyalli, kuɗinta ƙasa da na sauran, har na fara murna. Da na leƙa ƙarƙashinta da fitilar waya sai na ga tsatsa a shasi da busasshiyar laka a lungunan da wanki ba ya kaiwa, har cikin ramin da ke ƙarƙashin kujera. Wanda ya san Jidda ya san ambaliyar 2009 da ta Nuwamban 2022, ya kuma san cewa motocin da ruwa ya sha ba duka aka kai tashlih ba. Dillalin ya rantse cewa motar Riyad ce. Na yi masa godiya na wuce. Wata kuma rahoton Mojaz, wanda ake saya a waya da lambar shasi ya nuna tarihin mota, ya nuna malejin da aka rubuta mata a baya ya fi wanda ke kan allonta a yau.

Wadda muka tsaya a kanta ta wani dattijo ce mai gonar dabino, mai ita na farko, da takardun canjin mai a cikin leda. Bayanta ya sha ƙarce, ƙofar baya ta lotsa, kujerar direba ta yage, duk abubuwan da ke sauke farashi ba tare da sun taɓa lafiyar mota ba. Na duba ƙugiyar ja na ga ba ta ci ba, alamar ba ta yi wahalar tirela ba, sifirin baya kuma bai kwanta ba. Muka kai ta wurin gwaji da kuɗinmu, aka ɗaga ta, aka sa mata kwamfuta. Abin da na fi so a karanta mini shi ne yawan gyaran da kwamfuta ke yi wa kowane nozul don injin ya daidaita, domin nozul ɗin da ya fara gajiya a nan yake fara tona kansa tun kafin a ga hayaƙi. Huɗun duka suna kusa da juna. Kawu ne ya yi cinikin, da salati da "Allah ya sa albarka" da komai, ni nawa kallo.

Takardu ba su ɗau lokaci ba. Sai fahas ɗinta yana da rai, wato shaidar binciken lafiyar mota na shekara-shekara, sai an biya tarar da ke kan mai saye da mai sayarwa, sai an yi inshora da sunan sabon mai ita, sannan a juya istimara, wato takardar rajistar mota. Da yake da sunan kasuwancin Kawu aka yi mata rajista, ta ofishin wani wurin baje motoci aka bi, ni kuma aka yi mini izinin tuƙi a kanta. Daga can ban kai ta gida ba, garejin Baba na wuce, aka zubar da baƙin mai, aka sa matacin dizal da na iska na asali, aka wanke lagireto. Tirela kuma aka kai ta wurin maƙera aka sauya mata aksul, sandar da ke riƙe tayoyi, aka sa mai birki, aka gyara fitilunta, aka sa sarƙar tsaro biyu.

Zama da ita ya zo da ɗabi'un da sai da na koya. A gidan mai ba na zama a ciki in miƙa kuɗi ta taga. Ma'aikatan sun saba duk ƙaramar wanit fetur take sha, hannunsu yana zuwa kan koren famfo na 91 kafin ka buɗe baki, kuma fetur a tankin dizal yana kashe famfon man injin, domin dizal ɗin ne da kansa yake zame masa man shafawa. Sai in sauka in tsaya a kai. Famfon dizal ma sau da yawa yana can gefe wajen manyan motoci, wasu gidajen man na cikin gari kuma ba su da shi sam, don haka na zaɓi manya guda biyu masu yawan ciniki, ɗaya a hanyar Jidda ɗaya a Hawiyya, ba na sha a wani wuri sai dole. Ba na barin tanki ya yi ƙasa sosai. A ƙasan matacin mai akwai ɗan kofin da ke tare ruwa, da fitilarsa a allo, kuma ba na jiran fitilar, nakan kwance shi lokaci-lokaci in ga abin da ya taru. In mun hau Ɗa'ifa da kaya ba na kashe ta nan take, sai ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki a tsaye, don tabo ya huce mai na zagaya shi. Lodin tirela kuma na daina barin yara su yi shi yadda suka ga dama. Nauyi yana ɗan rinjaya gaba, kimanin kashi 10 cikin 100 a kan ƙugiya, in ba haka ba tirela ta riƙa kaɗa wutsiya a gangare.

Abin da ba ta so shi ne aikin cikin gari. Tafiyar minti biyar a kashe, a sake tayarwa, a tsaya a cunkoso, inji bai taɓa yin zafin kirki ba. Irin wannan ke tara baƙin toka a bututun da ke maido da hayaƙi cikin inji, kuma waɗanda aka sa wa matacin toka a salansa sun fi shan wahalarsa, don sai an yi doguwar tafiya yake ƙone abin da ya tara. Rabin aikinmu kuwa irin wannan ne: rago ɗaya zuwa Misfala, biyu zuwa Rusaifa, a kai mahauta, a dawo da nama, a bi lungunan da ke hawa duwatsun Makka inda ko juyawa sai da dabara.

Saboda haka tsohuwar mai fetur da aka ce in nemo mata magajiya ba a sayar da ita ba. Abin da aka taya ta bai kai amfaninta ba. Aka sauya mata kuloci, aka cire mata ƙugiyar ja gaba ɗaya don kada wani ya yi sha'awar rataya mata tirela, aka ba ƙanena makullinta. Mai dizal tana yin Khumra da Ɗa'ifa, ita kuma tana yin unguwanni. A kwanakin Layyar 2025, bayan an gama sauko da tumakin daga Ɗa'ifa, mai dizal a inuwa ta yini a Ka'akiyya, tsohuwar ce ta yi ta kai raguna gida-gida har bayan isha'i.